Daga Mako Uku Zuwa Dare Ɗaya: Tarihin Sauka a Masaukan Ruwan Zafi na Duwatsun Japan

Gabatarwa

Matafiyin da ya nufi ɗaya daga cikin masaukan gargajiya da ke bakin maɓuɓɓugan ruwan zafi a duwatsun ƙasar Japan a yau, kusan ya san abin da zai tarar tun bai bar gida ba. Zai isa da la'asar, ya tuɓe takalmansa a zaure, wata hadima ta yi masa jagora zuwa ɗakin da aka malale da tabarmi, ta kawo masa shayi da ɗan abin zaƙi. Daga nan sai ya sa wata doguwar riga ta auduga da ake kira yukata, ya tafi wurin wanka. A can zai cuɗa jikinsa da sabulu a gefe, ya ɗauraye sarai, kafin ya shiga kwarmin ruwan da kowa ke shiga, domin shi wannan ruwa na gasa jiki ne, ba na fid da dauɗa ba. Da almuru za a jera masa abinci iri-iri a ƙananan kwanuka, a shimfiɗa masa katifa a ƙasa. Da safe ya karya kumallo, kafin hantsi ya dubi ludayi ya biya kuɗin kwana ɗaya da abinci biyu, ya kama hanya.

Japanawa suna kiran irin wannan masauki riyokan, maɓuɓɓugar kuwa suna ce mata onsen. Baƙi daga ƙetare, har ma da 'yan ƙasar da dama, sun ɗauka cewa wannan tsari haka yake tun fil azal. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ba haka al'amarin yake ba. Ruwan tsoho ne, amma salon saukar sabo ne. A mafi yawan tarihin waɗannan wurare, mai zuwa ba ɗan yawon buɗe ido ba ne. Majiyyaci ne, ko manomin da aiki ya gajiyar, wanda zai zo da shinkafarsa a baya, ya dafa abincinsa da kansa, ya kuma zauna har mako uku. Yadda mako uku ya koma dare ɗaya, da kuma mutanen da aka ture gefe a cikin wannan sauyi, su ne abin dubawa a nan.

Ƙasa, ruwa da sarakuna

Japan tsibirai ne da ke zaune a inda ɓawon ƙasa ke gogayya da juna, shi ya sa take da duwatsu masu aman wuta har 111 waɗanda ake lissafawa a masu rai. Wutar da ke ƙarƙashinsu ita ce ke dafa ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga idanu fiye da 27,000 a faɗin ƙasar. Dokar da aka kafa a shekarar 1948 ta ce ruwa ya zama onsen idan zafinsa ya kai digiri 25 a inda ya fito, ko kuma idan yana ɗauke da wani adadi na ɗaya daga cikin sinadarai 19 da ta zayyana. Bisa wannan ma'auni, marmaron Wikki da ke Yankari, mai zafin digiri 31, da zai shiga lissafi. Sai dai da yawa daga cikin na duwatsun Japan sun ninka shi zafi, wasu ma suna fitowa suna tafasa.

Rubutaccen tarihin ƙasar tun farkonsa ya ambaci wankan ruwan zafi. Kundin Nihon Shoki, wanda aka kammala a shekarar 720, ya kawo labarin tafiyar Sarki Jomei zuwa Arima a 631, inda ya yi kusan wata uku, da kuma tafiyarsa zuwa Iyo a 639. Arima tana cikin duwatsun da ke bayan birnin Kobe na yanzu. Wani kundi na lardin Izumo, na shekarar 733, ya bayyana yadda talakawa maza da mata, yara da manya, ke taruwa a maɓuɓɓugar Tamatsukuri suna ganin ruwanta na warkar da kowace cuta.

Akwai gidaje biyu da ke danganta kansu da wancan zamani. Na farko shi ne Keiunkan, a wani kwazazzabo na lardin Yamanashi, wanda tarihin gidan ya ce an kafa shi a 705, kundin Guinness kuma ya amince da shi a 2011 a matsayin masauki mafi tsufa a duniya. Na biyu shi ne Hoshi a lardin Ishikawa, mai ƙirga shekarunsa daga 718. Ya kamata mai nazari ya yi hattara da waɗannan alƙaluma. Abin da ya daɗe shi ne idon ruwan da sunan gidan, ba ginin ba, ba kuma yadda ake saukar baƙi ba. Ita kanta silsilar gadon an sha ɗinke ta ta hanyar ɗaukar ɗa daga wani gida, musamman mijin 'ya, a ba shi sunan iyali. A Keiunkan an ƙirga magada 52, sa'an nan a 2017 shugabanci ya koma hannun wani daɗaɗɗen ma'aikacin gidan da ba jininsu ba.

Toji: jiyyar mako uku

Al'adar da ta gina masaukan duwatsu ta kafu sosai ne a zamanin mulkin gidan Tokugawa, daga 1603 zuwa 1868. A lokacin, sarkin ƙasa yana zaune a Kiyoto ba shi da iko sai na daraja, mulki kuwa yana hannun shogun, watau babban jagoran mayaƙa, a birnin Edo, wanda shi ne Tokiyo ta yau. Gwamnatin shogun ba ta son talaka ya yi nisa da gonarsa. Ta kafa shingayen bincike a manyan hanyoyi, matafiyi kuma sai ya nuna takardar izni. Dalilai biyu ne aka fi karɓa daga talaka mai neman takardar: ziyarar wuraren bauta, da neman lafiya a ruwan zafi. Wannan na biyun shi ake kira toji, ma'anarsa jiyya da ruwan zafi.

Toji yana da lissafinsa. Kwana bakwai shi ne zagaye ɗaya, zagaye uku kuwa, watau kwana ashirin da ɗaya, shi ne cikakkiyar jiyya. Fahimtar mutanen lokacin ita ce makon farko na tayar da cutar ne, na biyu na fitar da ita, na uku kuma na mayar da ƙarfin jiki. Shi kansa Tokugawa Ieyasu, wanda ya kafa gidan, zagaye ɗaya ya yi a Atami a 1604. Jikokinsa da suka gaje shi ba su cika barin Edo ba, sai suka sa ana ɗauko musu ruwan a gangunan katako, 'yan dako suna gudu da su dare da rana don kada ya huce. An ce a zamanin shogun na takwas, Yoshimune, an kai ganguna fiye da 3,000 daga Atami tsakanin 1726 da 1734.

Likitoci ma sun sa baki. Goto Konzan, wanda ya rasu a 1733, yana ganin tushen cuta shi ne toshewar ƙarfin rai a cikin jiki, ruwan zafi kuma yana buɗe shi. Shi da almajirinsa Kagawa Shutoku sun fifita ruwan Kinosaki a kan na ko'ina. Daga baya sai aka fara buga wasu takardu masu jera maɓuɓɓugai bisa daraja, a tsarin da ake jera 'yan kokawar sumo gabas da yamma. A kusan dukkansu Kusatsu ce gwarzuwar gabas, Arima ta yamma. Abin lura shi ne ba kyan ɗaki ko daɗin abinci ake aunawa ba, ƙarfin ruwan a kan cuta ake aunawa.

To yaya masaukin yake? Abu na farko da zai ba mutumin yau mamaki shi ne galibi babu wurin wanka a cikinsa. Ruwan na gari ne baki ɗaya, an gina masa ɗakin wanka na kowa da kowa a tsakiyar ƙauye, masaukai kuma sun kewaye shi. A Arima, kowane babban masauki yana da mata da aikinsu shi ne kiran baƙi idan layinsu ya zo, da kuma fitar da su idan sun daɗe a ruwa. Abu na biyu, mai masauki ɗaki yake bayarwa haya, ba abinci ba. Baƙo shi zai zo da shinkafa da daddawa irin tasu ta waken soya, ya ari tukunya da bargo a biya, ya sayi gawayi. Ƙauyawa na kusa su kawo ganye da kifi da safe su kasa a bakin titi. Tsakanin ɗaki da ɗaki kuwa ba kome sai ƙofar takarda mai zamewa, saboda haka kafin mako ya cika baƙi sun san cutar juna, suna musayar miya da labarin amfanin gona.

A arewa maso gabashin ƙasar, yankin da ake kira Tohoku, wannan al'ada ta shiga cikin kalandar noma kanta. Akwai toji na tsakiyar hunturu, lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe gonaki. Akwai wanda ake yi bayan an gama dashen shinkafa, wanda sunansa ke nufin wanke taɓo, domin mutum ya yi makonni a sunkuye cikin ruwan sanyi. Akwai na tsakiyar zafi, akwai kuma na bayan girbi. Masunta su ma suna da nasu lokacin. Ga mace mai aure a gidan surukai, waɗannan kwanaki kan zama hutun da ba ta da wani irinsa a shekara. Su kuma masassaƙan duwatsu, masu yin akusa da faifan katako, sun ga kasuwa, sai suka fara sassaƙa 'yan tsana marasa hannu da ƙafa don masu jiyya su kai wa yara tsaraba. Asalin 'yan tsanan kokeshi ke nan, waɗanda suka bayyana a farkon ƙarni na 19 a wurare irin su Naruko da Togatta da Tsuciyu.

Daga gine-ginen wancan zamani kaɗan ne suka tsira daga gobara. Babban ginin Sekizenkan a Shima, lardin Gunma, na shekarar 1691 ne. A Tsurunoyu da ke duwatsun Akita, inda sarkin yankin, Satake Yoshitaka, ya je jiyya a 1638, har yanzu akwai dogon gini mai rufin ciyawa inda dogarawan sarakunan ke kwana, a yau kuwa baƙi ke rububin samun ɗaki a cikinsa.

Ƙarar shekarar 1805

Farkon tsagewar wannan tsari ya faru ne a Hakone. Babbar hanyar Tokaido, wadda ta haɗa Edo da Kiyoto, tana da zango 53. Kowane zango an ɗora masa nauyin samar da dawakai da 'yan dako ga ma'aikatan gwamnati, nauyi mai tsada ƙwarai. A madadin haka sai aka ba shi haƙƙin saukar da matafiya, aka hana ƙauyukan da ke tsakanin zanguna yin haka. Ƙauyukan ruwan zafi suna da iznin karɓar masu jiyya ne kaɗai, su kuwa an san su da daɗewa.

Yumoto, ɗaya daga cikin maɓuɓɓugai bakwai na Hakone, tana dab da hanyar, tsakanin zangon Odawara da na Hakone. Da tafiye-tafiyen ziyara suka yawaita, ayarin masu zuwa Ise da Dutsen Fuji suka gano cewa ya fi daɗi su kwana inda za su gasa ƙafafunsu. Masaukan zangunan biyu suka ga ciniki na sulalewa, sai a 1805 suka kai ƙara wurin hakimin da ke kula da hanyoyi. Hujjarsu a fili take: wanda ya kwana ɗaya ya wuce matafiyi ne, ba majiyyaci ba. Mutanen Yumoto suka amsa da cewa jiyyar dare ɗaya ita ma jiyya ce, kuma sun daɗe suna karɓar masu yin ta. Hukuma ta bar su su ci gaba.

Hukuncin ƙarami ne, kuma ya shafi ƙauye ɗaya ne, amma abin da ya halatta babba ne. Mai kwana ɗaya ba ya zuwa da tukunya. Dole a dafa masa, a shimfiɗa masa, a kuma burge shi cikin 'yan sa'o'i, tun da ba zai tsaya ya ga ko ruwan na magani ba. Daga nan masaukin jiyya ya fara aron ɗabi'un masaukin kan hanya, wanda dama ya saba ba da abincin dare da na safe. Riyokan na yau ɗan wannan aure ne.

Kusatsu da waɗanda suka fi kowa daɗewa

Babu inda tarihin ya fi fitowa da haskensa da duhunsa kamar Kusatsu. Gari ne a lardin Gunma, a tudun da ya kai mita 1,200, ruwansa na ɗauke da farar wuta, yana kuma da tsamin da ke cinye ƙusa cikin 'yan kwanaki. Sanyin wurin ya sa har kusan ƙarshen ƙarni na 19 mutanen garin kan rufe masaukai a wata na goma, su sauka ƙauyukan gangare su yi hunturu, sai a wata na huɗu su komo.

Saboda ƙarfin ruwan, masu cututtukan fata da tunjere da kuturta su ne manyan baƙin Kusatsu. A nan aka ƙirƙiro wani salon wanka mai tsanani da ake kira jikan-yu, watau wankan ƙayyadadden lokaci. Ba a surka ruwan, don kada a rage masa ƙarfi. Maimakon haka masu jiyya kan jeru da dogayen alluna suna kaɗa shi tare, suna waƙa, har zafinsa ya sauko wajen digiri 48. Sa'an nan kowa ya kwarara wa kansa ruwan a ƙeya sau da yawa. Sai shugaban wanka ya ba da umurni, a shiga gaba ɗaya, a tsaya cik minti uku ba motsi, yana sanar da lokacin da ya rage suna amsawa baki ɗaya. Ana yin haka har sau huɗu a yini. Bayan kamar kwana goma fata kan saluɓe a hammata da matsematsi, mutanen lokacin kuma suna ɗaukar haka alamar dafi na fita. A kan hanyar komawa gida sai a yada zango a Sawatari, inda ruwan ke da laushi, don gyambon ya warke. Sarautar shugaban wanka ta ɗore har 2019, lokacin da hukumar garin ta soke ta, bisa dalilin cewa tambayar majiyyaci da ba shi shawara aikin likita ne.

A 1869 gobara ta cinye kusan dukkan garin. Masu masaukai suka shiga neman hanyar farfaɗowa a daidai lokacin da sabuwar gwamnatin Meiji ke buɗe ƙasar ga Turawa. Likitan nan Bajamushe, Erwin Balz, wanda ya zo koyarwa a makarantar likitanci ta Tokiyo a 1876, ya ziyarci Kusatsu a 1878, ya yaba ruwanta da iskarta, ya kuma ba da shawarar a gyara irin waɗannan wurare su zama kamar garuruwan shan iska na Turai. Sunan Kusatsu ya fita duniya. Amma sabon baƙo mai kuɗi ba ya son haɗa kwarmi da kuturu.

A 1887 aka ware wata unguwa a gangaren garin, mai suna Yunosawa, aka mai da masu kuturta can. Korar ce, ba shakka, amma abin da mutanen suka yi da ita abin a tsaya a duba ne. Sun kafa gari nasu, da masaukai da kantuna da shugabanni, suna biyan haraji, suna aure suna haihuwa. Masu cutar daga ko'ina a ƙasar, waɗanda danginsu suka ɓoye ko suka kora, suka riƙa kwararowa, har yawansu ya kai kimanin 800 wajen 1930. Da yawa sun zo da niyyar mako uku, kuɗi ya ƙare, ba kuma gidan komawa. Wata Baturiyar Ingila 'yar mishan, Mary Cornwall Legh, ta zauna a cikinsu daga 1916, ta kashe dukiyarta wajen gina gidaje da makaranta da ɗakin shan magani.

Dokar 1931 ta wajabta killace duk mai kuturta. A shekara mai zuwa aka buɗe sansanin gwamnati na Kuryu Rakusen-en a wajen gari, aka ja masa ruwan zafi ta bututu don a jawo hankalin mutanen Yunosawa. A 1941 aka rushe unguwar a hukumance. A cikin wannan sansani ne aka gina wani kurkuku da aka laƙaba wa suna ɗakin jiyya na musamman, inda aka riƙa kawo waɗanda ake ganin masu taurin kai ne daga sauran sansanoni. Ba a hura wuta a cikinsa ko a tsakiyar hunturu. Tsakanin 1938 da 1947 an tsare mutum 93, 23 daga cikinsu suka mutu. Ko da maganin cutar ya samu bayan yaƙin duniya na biyu, sai aka sabunta dokar killacewa a 1953, ba a soke ta ba sai 1996. A 2001 wata kotu a Kumamoto ta yanke hukuncin cewa gwamnati ta zalunce su, Firayim Minista Koizumi kuma ya ƙi ɗaukaka ƙara, ya nemi gafara. Duk da haka, a 2003 wani otal a ƙauyen ruwan zafi na Kurokawa ya ƙi saukar da tsofaffin da suka warke tun shekaru aru-aru. Duk mai son rubuta tarihin karamcin riyokan, wanda ake yawan yabo, bai kamata ya tsallake wannan babi ba.

Jirgin ƙasa, bututu da ayarin kamfani

Abubuwa biyu na fasaha ne suka ƙarasa abin da hukuncin 1805 ya fara. Na farko jirgin ƙasa. Tarago mai doki ya isa Yumoto a 1888, jirgin hawan dutse na Hakone ya fara aiki a 1919. Da aka fasa dutse aka yi hanyar Shimizu a 1931, ƙauyen Yuzawa da ke cikin dusar ƙanƙara ya zama tafiyar 'yan sa'o'i daga Tokiyo. A wani masauki na can mai suna Takahan ne Kawabata Yasunari, wanda ya sami kyautar Nobel a 1968, ya riƙa sauka daga 1934 yana rubuta labarinsa Yukiguni. Jarumin labarin mai kuɗi ne daga birni, ba abin da ke damun jikinsa. Shekaru ashirin da ɗaya kafin haka, a 1913, marubuci Shiga Naoya ya je Kinosaki ne bayan jirgi ya buge shi, ya kuma yi mako uku cur. Tsakanin waɗannan baƙi biyu ana iya ganin inda al'adar ta karkata.

Na biyu shi ne haƙar rijiya mai zurfi da jan ruwa ta bututu. Da kowane masauki ya sami wurin wankansa a cikin gida, baƙo ya daina fita titi, ɗakin wankan gari ya rage daraja, masu kasa kaya suka rasa masu saye. Garuruwa ƙalilan ne suka riƙe tsohon tsari, irin su Kinosaki da Nozawa, inda har yau ƙungiyoyin unguwa ke kula da ɗakunan wanka 13. Haka nan wankan maza da mata a wuri ɗaya, wanda Turawan farko suka yi ta suka, gwamnati ta hana shi a 1900 ga wanda ya kai shekara 12, ko da yake a lungunan duwatsu ba a bi dokar sosai ba.

A 1944 masaukai da yawa sun cika da 'yan makarantar da aka kwaso daga birane saboda ruwan bama-bamai, wasu kuma da sojoji masu rauni. Bayan yaƙi, da arziki ya bunƙasa, sai ga sabon baƙo: ayarin ma'aikatan kamfani a manyan motoci, su iso da yamma, su yi liyafa da giya a babban zaure, su wuce da safe. Don su aka rushe gidajen katako aka gina benaye na kankare a Atami da Kinugawa. Yawan riyokan iri-iri a ƙasar ya kai ƙololuwa a 1980, inda aka ƙirga 83,226. Da tattalin arziki ya durƙushe a farkon shekarun 1990, ayarin kamfani ya ɗauke ƙafa, ya bar kangaye a bakin kogin Kinugawa. A 2017 adadin ya sauko zuwa 38,622.

Komawa duwatsu

Wuraren da motar ayari ba ta iya kaiwa, waɗanda aka raina a shekarun bunƙasa, su ne suka zama abin nema daga baya. A 1975 ƙananan masaukai 33 na lungunan duwatsu suka kafa ƙungiyar kare ɓoyayyun maɓuɓɓugai, alamarsu fitilar takarda a ƙofar gida. A Yufuin, wasu masu masaukai uku sun tafi Jamus a 1971 don ganin garuruwan jiyya, suka komo suka yi tsayin daka a kan kada a cika kwarinsu da dogayen gine-gine. Kurokawa kuwa a 1986 ta fito da wani allon katako da ke ba baƙo damar wanka a masaukai uku, watau ta mai da shi titi kamar yadda yake a da.

Sai dai neman tsohon abu shi ma kasuwa ce, tana kuma da nata ha'incin. A 2004 aka gano cewa a Shirahone, wadda ta yi suna da ruwa fari kamar madara, ana zuba garin wanka na kanti a wasu kwarmin saboda launin ya dushe. Bincike ya bankaɗo wasu wurare da ke dafa ruwan famfo su kira shi onsen. Daga 2005 doka ta tilasta wa kowane gida ya manna sanarwa idan yana surki, ko ɗumamawa, ko sake juya ruwan, ko ƙara masa wani abu. A 2017 Ma'aikatar Muhalli ta fito da shirin da ta kira sabon toji, tana kwaɗaitar da mutanen birni su riƙa yin ko da 'yan kwanaki.

Tsohon toji bai mutu ƙurmus ba, amma ya ja jiki zuwa arewa. A Sukayu da ke duwatsun Aomori, inda aka auna dusar ƙanƙara mai zurfin santimita 566 a watan Fabrairun 2013, akwai ɓangaren masu doguwar jiyya kusa da babban ɗakin wanka na katako. A Hijiori ta lardin Yamagata, tsofaffin mata na kasa ganye da naman daji na tsiro a bakin titi da sassafe daga bazara zuwa kaka. A Osawa, kusa da Hanamaki, tsohon ɓangaren masu dafa wa kansu yana lissafin kuɗin ɗaki daban, na katifa daban, na abin ɗumama ɗaki daban, a madafar kuma akwai murhun gas da sai an jefa masa tsaba yake kamawa na 'yan mintoci.